Darasi na Tara: Kula da Injin Gishiri na Tafkin Ninkaya

Duk wanda ya samu aikin kula da tafkin ninkaya, a otal ne ko a gidan wani mai hali a Abuja, Kano ko Yamai, wata rana zai shiga ɗakin injina ya ga wani akwati mai fitilu a bango, ƙarƙashinsa kuma wani gajeren bututu da faranti jere a ciki. Irin wannan tafki ba a bin sa da garin kulorin kullum. Gishiri ake zuba masa, injin ya riƙa yin kulorin da kansa.

Ruwa yakan fito daga matatar ruwa, wato na'urar da ke tace datti, ya bi ta cikin bututun nan, wanda ma'aikata ke kira sel. Farantansa na ƙarfen titaniyam ne, da wani siririn shafe mai tsada a jikinsu. Akwatin ya sakar musu wuta, wutar ta raba gishirin, kulorin ya fito ya kashe ƙwayoyin cuta. In ya gama aiki sai ya koma gishiri. Shi ya sa gishirin ba ya saurin ƙarewa. Ko zafin bazara ba ya ɗaukarsa, ruwa ne ke tashi ya bar shi. Yana raguwa ne in an wanke matata an zubar da ruwa, ko tafki na yoyo, ko damina ta cika shi ya tumbatsa.

Ana auna gishiri da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Yawancin injina suna son 2,700 zuwa 3,400, an fi so a tsaya wajen 3,200. Ruwan teku ya kai 35,000, kun ga na tafki ɗan ɗanɗano ne kawai. Amma ku karanta takardar injinku, domin akwai masu son fiye da haka.

Yanzu mu zo kan jar fitilar da ke cewa gishiri ya yi ƙasa. A nan 'yan uwa da yawa suke yin asara, ni ma na yi. Shekarar da na fara wannan aiki, cikin hunturu, na tarar fitilar tana ƙiftawa. Ban auna komai ba na juye buhu biyu masu kilo 25. Washegari ba ta mutu ba, na ƙara biyu. Da mai gyara ya zo ya tsoma abin awonsa, gishiri ya kai 4,500. Ya kwance sel ya miƙo mini. Farantan sun yi fari fat, farin dutse ya toshe tsakaninsu kamar cikin tsohuwar butar shayi. Sai da muka zubar da ruwa mai yawa, aka sayo sabo a tanka. Har yau ina jin ciwon wannan ruwa da aka yi asararsa a garin da mutane ke layi a bakin famfo.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, injin ba ɗanɗana ruwa yake yi ba. Yawancinsu suna duba yadda wuta ke ratsawa tsakanin faranti ne. Farin dutse yana tare wutar, ruwan sanyi yana rage ta, tsufan sel ma haka, sai injin ya zaci gishiri ne babu. Don haka ku fara auna ruwan da takardar gwaji ko abin awo na hannu. Zuba gishiri minti biyar ne, fitar da shi kuwa sai an zubar da ruwa.

In awo ya nuna da gaske ya yi ƙasa, ku ɗauko biro. Kilo 1 na gishiri a lita 1,000 yana ƙara 1,000 ppm. Tafki mai tsawon mita 10, faɗi 5, zurfi 1.5 yana cin lita 75,000. In kun samu 2,800 kuna son 3,200, giɓin 400 ne. Wato kilo 0.4 a kowace lita 1,000, tafkin kuma yana da lita 1,000 sau 75. Ku ninka 0.4 sau 75, kilo 30 ke nan. Ku kashe injin gishirin, ku bar injin tura ruwa yana aiki, ku watsa gishirin a cikin tafki ku bi shi da buroshi, sai bayan awa 24 ku sake awo. Gishirin tafki mai tsabta ake so. Na girki an sa masa aidin, balma da manda kuwa suna tafe da ƙasa da wasu sinadarai.

Wanke sel

Kowane wata uku ku kwance ku duba, ko da injinku irin mai wanke kansa ne. Inda ruwan burtsatse ke saurin barin farin dutse, ku duba kafin nan. Ku kashe wuta gaba ɗaya, ku rufe bututai. Ku fara fesa farantan da tiyo, sau da yawa wannan ya isa. In farin ya kafe, ku sa safar hannu ta roba da tabarau, ku fita fili inda iska ke kaɗawa. A bokitin roba ku zuba ruwa kashi 4, sannan asid ɗin tafki kashi 1, sai dai in takardar injinku ta faɗi wani ma'auni. Ruwa ne farko, asid a kansa. In aka juya, yana iya fantsama a fuska. Asid ɗin nan ba ruwan batir ake nufi ba. Ku tsoma farantan kawai, kada wurin wayoyi ya jiƙe. Za ku ga kumfa yana tashi da ɗan sauti. Da ya lafa, ko an yi minti 15, ku fitar ku ɗauraye sosai.

Kada wuƙa ko ƙusa ta taɓa faranti. Shafen nan shi ne ran sel, yawan jiƙawa a asid ma yana cinye shi. Sel mai samun kulawa yakan yi shekara 3 zuwa 7. Kuma kada asid ya haɗu da garin kulorin, ko a bokiti ko a ma'ajiya, domin hayaƙinsu na kisa ne.

In fitilar gudun ruwa ce ta kama, ku duba kwandon injin tura ruwa da matata, ƙurar hunturu da ganye ne suka fi toshe su. Kada ku yarda wani ya haɗe wayoyin na'urar da ke tsaron gudun ruwa don fitila ta mutu. Sel yana fitar da iskar haidurojin, in ruwa ba ya tafiya sai ta taru ta fasa bututu.

Wani lokaci fitilu duk lafiya, amma ruwa ya soma kore. Ku tambayi kanku awa nawa injin ya samu wuta jiya, tunda ba ya yin kulorin in an ɗauke wuta. Sannan ku auna. Kulorin ya kasance 1 zuwa 3 ppm, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, 7.2 zuwa 7.6. A tafkin gishiri pH hawa yake yi a kai a kai, in ya hau kulorin ya yi rauni, farin dutse ya ƙaru. Ranarmu kuma tana ƙone kulorin da sauri in babu sinadarin da ke kare shi, wanda ake kira sitabilaiza.

Aiki

Tafki mai tsawon mita 8, faɗi 4, zurfi 1.5, awo ya nuna 2,700. Lita nawa yake ci? Kilo nawa za ku zuba ya kai 3,200? Ku rubuta a littafinku, ku zo da shi darasi na gaba tare da lambar gishirin da ke rubuce a takardar injin wurin aikinku.