Mai ƙarin ruwan maganin ciwon daji (kansa) ya fara tari? Kurakuran da ake yawan yi

Da hunturu ya kama a Gusau, kowa tari yake yi, har liman a sallar asuba. Shi ya sa idan mai ciwon kansa da ake yi wa ƙarin ruwan pembrolizumab ko nivolumab ya fara busasshen tari, sai a ce ƙura ce, a aiki yaro kemis. A ganina wannan kuskuren ya fi kowanne haɗari.

Waɗannan magunguna sassauta wa garkuwar jiki linzami suke yi don ta far wa kansar, binciken da ya sa aka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. To amma dokin da aka sakar wa linzami ba ya zaɓen gona. Wani lokaci lafiyayyen huhu garkuwar take kamawa ya kumbura. Yakan faru ga kamar mutum 3 zuwa 5 cikin 100, ya kuma fi haka idan an haɗa da ipilimumab, wani maganin kansa mai irin wannan aikin, ko kansar a huhun take.

Don haka sabon tari, ko haki ga wanda jiya yake zuwa masallacin unguwa da ƙafa yau kuma sai ya dafa bango, a kira likitan da ke kula da kansar a ranar. Kada a jira zazzaɓi, sau da yawa babu shi. Kada kuma a ce sai ranar komawa asibitin Sakkwato ko Zariya.

Wani kuskuren kuma shi ne zuwa asibiti mafi kusa ba tare da faɗin sunan maganin ba. "Ana yi mini ƙarin ruwa" bai isa ba. Likita zai ɗauka nimoniya ce, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali wannan kumburi ba ƙwayar cuta ta kawo shi ba. A rubuta sunan da ranar ƙarin ruwa na ƙarshe a takarda, ta zauna a aljihu. Hoton ƙirji na yau da kullum kan iya fitowa lafiya lau, hoton CT ya fi gano shi.

Wasu kuma da sun ji cewa prednisolone, maganin rage kumburi, ake bayarwa, sai su saya da kansu. A ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba, wannan wasa da wuta ne: maganin yana danne garkuwar jiki, dole likita ya fara duba majina ya tabbatar ba tarin fuka ba ne. Idan kuma an fara shi, ba a yanke shi don numfashi ya dawo. A hankali ake rage shi cikin makonni 4 zuwa 6, in ba haka ba kumburin ya dawo.

Galibi a watannin farko abin ke fitowa, amma yana iya zuwa watanni bayan an daina ƙarin ruwan. Takardar nan ta ci gaba da zama a aljihu.