Darasi na 7: Haɗa kwarangwal ɗin ƙarfe na injin CNC

Injin CNC inji ne da kwamfuta ke tuƙa bakinsa, ya sassaƙa katako ko ya yanka roba da alminiyom daidai da zanen da aka ba shi. Kwamfuta lissafi kawai take yi, ba ta ganin abin da ke faruwa a kan tebur. In kwarangwal ya lanƙwasa ko da rabin milimeta ne lokacin da baki ya shiga katako, aiki ya karkace ke nan, ita kuwa ba ta sani ba. Shi ya sa muke farawa da ƙarfe kafin a yi maganar motar lantarki mai juya injin da wayoyin wuta.

In kun shiga kasuwar Katako a nan Yamai, ku nemi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimeta 50 da 50, kaurinsa kada ya gaza milimeta 3. Gadar da ke ɗauke da bakin yanka a sama tana son 80 da 80. Siririn bututun da ake ƙofa da taga da shi ya fi araha, amma ba na wannan aiki ba ne. Kowace sanda ku ɗaga bakinta zuwa ido ku dubi tsawonta. Wadda ta yi baka ku bar wa mai ita, ko da ya rage kuɗi.

Kada kwaɗayi ya sa ku yi babban inji tun farko. Sanda in aka ninka tsawonta sau 2, lanƙwasarta a ƙarƙashin nauyi guda tana ninkuwa sau 8. Teburi mai santimeta 60 da 80 ya ishi mai koyo.

Wurin walda ne aka fi ɓata aiki, don haka a nan za mu ɗan daɗe. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, in ya huce sai ya tsuke, ya jawo sandar zuwa gefen da aka yi waldar. Wanda ya cika kusurwa ɗaya da walda gaba ɗaya sannan ya wuce ta gaba, zai tarar kwarangwal ya murɗe, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, kuma guduma ba ta gyara wannan.

Ku shimfiɗa sandunan a kan daɓen da ba shi da tudu ko kwari, ku matse su da mamatsi. A kowace kusurwa ku ɗiga walda kaɗan, kamar ƙwayar wake, ku tsaya. Yanzu a ɗauko mitar awo. Ku auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, sannan ku auna ɗaya karkacen. Dole su zo daidai. A teburin 60 da 80, kowanne zai ba da santimeta 100 cif. In ɗaya ya fi, ɗigon waldar bai riƙe da ƙarfi ba tukuna, ɗan bugu kaɗan zai mayar da shi. Sai awo ya yi sannan a cika walda, ita ma guntu-guntu: santimeta 2 ko 3 a nan, a tsallaka kusurwar da ke can nesa, a dawo. A sake awo. Na san masu walda da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, ina roƙonku ku daure. Kuma kada a zuba wa walda ruwa, a bar ta ta huce da kanta.

Tsakanin ƙafafu ku sa sandar tokare a karkace, domin kusurwa uku ba ta gocewa yadda huɗu ke yi. Layin dogon da gada ke gudu a kai ba a yi masa walda, da noti ake ɗaure shi don a iya daidaita shi daga baya. Busasshen rairayi a cikin bututun ƙafafu yana rage girgiza.

Awon ƙarshe a inuwa ake yinsa. Sanda mai mita 1 tana ƙara kusan rubu'in milimeta in zafinta ya hau da digiri 20, ranar Afirilu a Yamai kuwa ba ta raina hakan.

Aikin gida: teburi mai faɗin santimeta 90 da tsawon 120, nawa karkacensa zai kasance? Ku zana shi a ƙasa, ku auna da mita, ku kawo amsa a zama na gaba.