Yadda za ka gane sankarar jijiyoyin jini a fata

Ba masu ƙanjamau kaɗai sankarar Kaposi, wato sankarar jijiyoyin jini da kan fito a fata, ke kamawa ba. Ƙwayar cutar HHV-8, wadda ake ɗauka galibi ta yawu, takan kwanta shekaru a jiki, sannan ta sa jijiyoyin jini tsiro barkatai, har ga mai ƙarfin garkuwar jiki, musamman dattawa maza.

Ka duba ƙafafu da tafin sawu cikin hasken rana. Idan ka ga tabo mai duhu ko ƙullutu da ya ƙi warkewa, ko da ba ya zafi, kada ka bari wanzami ya tsaga shi, domin yakan zubar da jini sosai. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a yanki ɗan naman a bincika, a kuma yi gwajin ƙanjamau.