Darasi na Tara: Arsenik a Cikin Kunun Jarirai

Arsenik sinadari ne mai guba da ake samu a cikin ƙasa, da duwatsu, da ruwan wasu rijiyoyi. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ido ma ba ya ganinsa a cikin abinci. Yaron da yake cin ɗan kaɗan kullum ba zai faɗi ciwo a ranar ba. A hankali gubar take aiki: tana iya taɓa kaifin ƙwaƙwalwarsa, can gaba kuma ta jawo ciwon fata ko ciwon daji.

A cikin hatsi, shinkafa ce ta fi tsotsar arsenik, domin yawanci cikin ruwa kwance ake noma ta. Gubar ta fi taruwa a dusar ƙwayar, shi ya sa shinkafar da ba a gurje ba ta fi fara tas ɗauke da ita.

A watan Fabrairun 2021 wani kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ya fitar da rahoto cewa an samu arsenik, da dalma, da wasu ƙarafa masu guba a abincin jarirai na manyan kamfanoni, ciki har da Gerber da Beech-Nut. A watan Yunin shekarar, Beech-Nut ya janye wani garin kunun shinkafa daga kasuwa, bayan gwaji a jihar Alaska ya nuna ya haura iyakar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta sa, wato kashi 100 cikin biliyan ɗaya. Kamfanin ya daina sayar da garin baki ɗaya. Wannan fa kaya ne na babban kamfani. Iyayen da suke ganin duk abin da ya fito daga waje ya fi kunun gida, sai su sake tunani.

Ba a ce a daina cin shinkafa ba. Abin gudu shi ne ta zama abincin yaro safe, rana da dare.

Ke uwa, wata shidan farko nono kawai. Bayan nan ki riƙa sauyawa: yau kunun gero da gyaɗa, gobe na dawa da waken suya, jibi faten dankali ko acha. In za ki saya a kanti, juya kwalin ki karanta abin da aka haɗa. In garin shinkafa ne a sahun farko, kada ya zama na kullum. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ranar shinkafa kuwa, gwangwani ɗaya a zuba masa ruwa gwangwani shida zuwa goma. In ta dahu a juye a kwando ta tsane. FDA ta ce wannan dahuwa tana rage arsenik da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ruwan da aka tsiyaye a zubar, kada a ba jariri. A lura kuma: tafasa ruwan sha tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire arsenik.

Aikin gida: Rubuta abin da ƙaramin yaron gidanku ya ci daga Asabar zuwa Juma'a. Ja layi a ƙarƙashin duk inda shinkafa ta fito, ka kawo aji mu ƙirga tare.