Idan tafiya ta biyo da ku Bauchi, ku leƙa kasuwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu zuwa Yankari ko biki, don Allah kar ku tsaya a masauki kawai. Ku ware safiya guda ku shiga Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal.

Masa dai da sassafe ake cinta. Ku nemi inda mai tuya ke zaune gaban tanda, tana juyawa ana kwashewa da zafinta, a zuba muku miyar taushe ko ƙuli-ƙuli. Wadda ta jima a roba ba ita ce masar Bauchi da ake labari ba. Kayan miya da 'ya'yan itace kuwa, Muda Lawal za ku nufa.

Wajen faifai da tabarma, ku juya bayansu ku duba saƙar. In akwai giɓi, ba za su daɗe ba. Takalmin fata ku shinshina, roba ba ta ɓuya. Ku gaisa kafin ku taya, in an ce "albarka" ku ƙara kaɗan. Ni dai ba na matsa wa tsohuwa mai faifai, kwanaki take yi a kan guda ɗaya.

Ku riƙe tsabar kuɗi da canji, tiransifa kan maƙale. Ranar Juma'a kuma ku gama kafin azahar.