Yadda ake tashin irin ginseng daga barci

Ginseng ɗin nan da ake sawa a shayi da maganin ƙarfin jiki, irinsa akwai taurin kai, in ka cire shi yau ka shuka gobe to ba abin da zai fito. Dalili kuwa ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar bai gama girma ba lokacin da 'ya'yan suka nuna, ko rabin milimita bai kai ba. Kar ka ce za ka zuba mai ruwan zafi irin yadda ake wa bagaruwa, ita ɓawo ne matsalarta, shi kuma matsalar a ciki take, dafa shi kawai za ka yi.

Manoman Koriya suna tsinke 'ya'yan wajen watan Yuli in sun yi jajawur. Ka murje naman ka wanke ƙwayar tas, amma kar ka bari ta bushe ƙarau.

Sai ka cakuɗa ta da yashi mai ɗan laima, yashi kashi 3 iri kashi 1, a mazubin da ruwa ke tsiyayewa ta ƙasa, ka ajiye a inuwa wajen digiri 15 zuwa 20 kana yayyafa ruwa har kusan wata 3. A nan ne aikin yake gudana duk da ido ba ya gani, furotin ɗin da ƙwayar ta tara a matsayin guzuri ana farfasa shi ana ciyar da ɗan tsiron, sinadaran inzayim masu narka mai da sitaci suna ƙaruwa, haka su katalas da feroksidas masu kare ƙwayar daga lalacewa. In ka ga bakin ɓawon ya tsage, wannan mataki ya yi.

Amma fa ko ya tsage bai farka ba tukuna, saura sanyi. Ka mayar da shi wajen digiri 4 na wasu wata 3, firij ma ya isa in ba a yawan ɗauke wuta, firiza dai a'a. Sanyin ne ke sa homon ABA, wato sinadarin cikin ƙwayar mai riƙe barci, ya ragu, jibarelin mai ingiza tsiro ya hau, furotin masu kare busasshen iri su ja baya.

Ka riƙa tona yashin kana cire wanda ya yi fumfuna ko ya ruɓe, ruwa in ya yi yawa shi ya fi kashe iri. Da saiwa ta leƙo sai shuka a ƙarƙashin rumfa, don ginseng ba ya shiri da rana ko zafi, kuma sai ya yi shekara 4 zuwa 6 kafin a haƙe saiwar.