Yadda Ɗan Kasuwa Zai Yi Hulɗa da Abokan Cinikinsa Indiyawa Lokacin Bikin Diwali

Duk ɗan kasuwar Maradi da ke sayo magani, shinkafa ko babura daga hannun Indiyawa ya kamata ya san lokacin Diwali, babban bikin fitilu na mabiya addinin Hindu. Yana faɗowa tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, wato lokacin kaka a wurinmu, kuma ranarsa tana canzawa kowace shekara domin da lissafin wata ake tsayar da ita. Kwana 5 ake yi, saboda haka a kammala maganar oda da biyan kuɗi tun kafin a shiga hutu.

Abu na farko shi ne sanin ma'anar bikin. A arewacin Indiya suna tunawa da dawowar Rama, wani ɗan sarki da suke ɗauka abin bauta, garin Ayodhya bayan shekara 14 a gudun hijira, bayan ya ci sarki Ravana da yaƙi. A labarinsu, jama'a sun kunna fitilu domin tarbarsa. A kudu kuwa nasarar Krishna, wani abin bautarsu, a kan mugun sarki Narakasura ake tunawa. Mabiya addinan Sikh da Jain su ma suna biki a wannan lokaci, kowa da nasa dalili, don haka kada a ɗauka cewa kowane Ba'indiye Hindu ne.

Rana ta uku ita ce babba, daren da babu wata ko kaɗan a sama. Ana share gida tas, a yi zane mai launi a ƙofa wanda suke kira rangoli, a jera ƙananan fitilun yumɓu masu mai da lagwanin auduga, sannan a yi bautar Lakshmi, wadda suke ɗauka abar bautar arziki. A nan ne bikin ya shafi ciniki kai tsaye, domin ƴan kasuwa da yawa, musamman na jihar Gujarat, a lokacin suke rufe tsofaffin littattafan lissafi su buɗe sababbi. Wanda ake bi bashi, idan ya biya kafin wannan rana, ya ƙara wa kansa daraja ƙwarai a idonsu.

Maganar kyauta tana buƙatar lura. Mu Maradawa idan za mu girmama baƙo, kilishi ne ke fara zuwa mana a rai, amma a nan kuskure ne babba, domin Hindu suna girmama saniya, da yawansu ma ba sa cin nama sam. Dabino mai kyau, gyaɗa ko alewar riɗi sun wadatar, tun da su ma kayan zaƙi da busassun ƴaƴan itace suke rabawa juna.

Idan an gayyace ka gida, ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kuma kada ka taka zanen da ke ƙasa. Musulmi ba zai shiga bautarsu ba, kuma a ganina ya fi kyau ya faɗi haka tun farko cikin ladabi, ya zo bayan an gama. Akwai abincin da ake miƙa wa abin bauta sannan a raba wa mutane, sunansa prasad. Ka tambayi mai gida wanne ne, ka ci daga sauran. Game da gaisuwar bikin kuwa, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tuntuɓi malaminsa, amma fatan lafiya ga iyali da albarkar kasuwa ba ya ɓata wa kowa rai.